Jijiyar Majo Jodane

Ƙasashe da yawa sun sami 'yancin kai a shekarar 1960, amma ba kowane gari Allah ya haɗa wa 'yanci da Majo Jodane a lokaci guda ba. Wannan falala ta Dogon Dutsi ce ita kaɗai.

Sunansa na takarda Dieudonné. Bakin Arawa, wato mutanen wannan yanki da ake kira Arewa, ya gwada hawa wannan tudu ya kasa, sai ya zagaya ya ce Jodane. Shi ne babban ma'aikacin jinya na gidan likitan garin, wanda a nan ake kira majo. Aikin majo shi ne wanke gyambo, da raba kinin, da soka wa mutane allura a mazaunai. Jodane yana yin duk wannan, amma da fuskar babban mutum da aka roƙa ya riƙe wa wani akuya kafin ya dawo daga bayan gida.

Wanda bai ga Majo a hanyar kasuwa ba, bai ga ilimi yana tafiya da ƙafafunsa ba. Farar rigar aiki ce har ƙasan gwiwa, matarsa Henriette ta sa mata sitaci ta goge ta har tana iya tsayuwa ba kowa a ciki. Abin sauraren ƙirji yana rataye a wuyansa ko da albasa ya je tayawa. Akwai kuma tabarau, wanda gilashinsa ba ya ƙara gani, ba ya ragewa, kwarjini kawai yake ƙarawa. Ya taɓa zuwa Dakar ƙaro ilimi na 'yan makonni, kuma saboda tawali'u irin nasa ba ya ambaton haka sai in ya buɗe baki.

A can Dakar ɗin ne aka ba shi jakar wani farfesa ya riƙe a bakin ƙofa. Ta tsakanin ƙyaure ya hango an taɓa ƙafar mataccen kwaɗo da waya, ƙafar ta yi shuri. Ya kuma ji ana cewa idan aka zaburar da jijiya da ɗan lantarki kaɗan, ciwo kan yi sauƙi, gaɓar da ta yi sanyi ma takan farfaɗo. Farfesan ya fito, ya karɓi jakarsa, ya wuce. Tun daga ranar Jodane yake cewa, "Mu da Farfesa mun daɗe muna nazarin wannan matsala."

Abu ɗaya ne ke damun wannan bawan Allah, shi ne kalmar majo. A ganinsa ta yi masa kaɗan, kamar takalmin ƙane. Abin da yake so a kira shi lokotoro, wato cikakken likita, wanda ba ya wanke gyambo, sai dai ya duba daga nesa ya ce a wanke. Sai ga labari daga Yamai cewa gwamnati za ta ɗauki ma'aikacin jinya ɗaya tak a duk ƙasar Doso ta tura shi karatun likita. Babban Likita, wani Bature da ya zauna bayan 'yan'uwansa sun tafi, zai zagaya bayan girbi ya zaɓa da idonsa. Shekarun Jodane sun kai bakin iyakar da aka yanka. In ya rasa wannan, zai tsufa yana majo, ya mutu yana majo, a rubuta majo a kan kabarinsa.

Ya zauna ya yi lissafi irin na manya. Sauran majo-majo za su share ɗaki, su dafa allurai, su jera kwalabe. Wannan aikin masu ƙananan kawuna ne. Shi zai tari Babban Likita da bincike.

Allah kuwa ba ya barin masana su wulaƙanta. A ɗakin ajiya, ƙarƙashin karyayyun gadaje da kashin jemagu, ya tsinci wani akwatin katako da wani likitan soja ya bari tun zamanin Nasara. Yana da hannu a gefe kamar na injin niƙa, da wayoyi biyu masu bakin tagulla. In an juya hannun, lantarki ya fito. Jodane ya gane haka ba tare da ya taɓa wayar ba, domin ya sa Maikano ya taɓa. Maikano shi ne mai gadin gidan likitan, tsohon soja ne da ya yi wa Faransa yaƙi, kuma ya dawo da aƙida ɗaya: duk abin da aka ce a juya, da iyakar ƙarfi ake juya shi.

Ranar kasuwa Majo ya sa aka fito da tebur ƙarƙashin bishiyar da marasa lafiya ke jira. Ya ɗora akwatin, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, atansiyo! Jikin ɗan Adam gidan waya ne. Ƙwaƙwalwa ita ce Yamai. Jijiyoyi su ne wayoyin tangaraho. Ciwo kuwa saƙo ne da ya ɓace a hanya yana ta yawo. Mu da Farfesa mun gano yadda ake kama shi. Daga yau an gama da duhun kai a Arewa. Babu goge, babu baƙin bunsuru, babu doguwa. Kimiyya ta iso ƙasar nan, kuma a wurina ta sauka."

Jama'a suka ce madalla, domin abin da ake cewa ke nan idan mai allura ya yi magana.

Wadda ta fara matsowa Inna Kubra ce, wata tsohuwa mai sayar da daddawa daga ƙauyukan wajen Lugu.

"Ɗana, ni dai gwiwa ta hana ni duƙawa," in ji ta. "In allura ce yi mini in tahi, kasuwa na jirana."

"Inna, allura ta zama tarihi. Zauna."

Ya naɗa mata jiƙaƙƙen tsumma a bayan gwiwa, ya ɗora bakin wayoyin, ya ja da baya yadda ya ga ya isa.

"Maikano, juya!"

"Wi, mon Majo!"

Ƙafar Inna Kubra, wadda ta yi shekaru ba ta ɗaga sama da bakin ƙofa ba, ta tashi ita kaɗai ta shuri tasar audugar da ke kan tebur. Tasar ta yi sama, ta dawo ta kife a kan wata kaza. Maikano ya tsaya.

Tsohuwa ta dubi ƙafarta. Ta dubi akwatin. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta sunkuyar da kai, ta sassauta murya.

"Sannu da zuwa," ta ce. "Ban san ke ce ba."

Majo ya ji daɗi ƙwarai, ganin ko tsohuwar ƙauye ta san a gaida ilimi. Inna Kubra ta ɗan jira, sannan ta runtse ido ta yi atishawa mai kyau. Ta tashi, ta taka, ta sake takawa, ta ce lalle gwiwa ta yi sauƙi. Ko lantarkin ne, ko firgita ce, ko jin daɗin an kula da ita, wannan sai a tambayi masu bincike na gaske. Ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi kasuwa da labari mafi tsada fiye da daddawar da ke kanta.

A nan sai an ɗan yi bayani saboda baƙi. A Arewa, idan gaɓar mutum ta motsa ba da izininsa ba, kowa ya san an yi baƙo. Iska ce ta hau. Idan kuwa iska ta gama abin da ya kawo ta, da atishawa take sauka. Wannan ko yaron da bai fara sa wando ba ya sani. Mutum ɗaya ne a duk ƙasar bai sani ba, shi ne Majo Jodane. Tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana. Da ya dawo, duk inda ya ji goge sai ya canja hanya, ya toshe kunne, ya isa gida ya yi wa Henriette lacca a kan jahilci. Ya yi shekaru yana yaƙi da bori, kuma ya kiyaye sosai kada ya san ko da abu ɗaya a kansa, don kada saninsa ya gurɓace.

Kafin kasuwa ta tashi, labari ya kai Kiyeshe. Kafin wata kasuwar, ya kai Tibiri ya dawo da ƙari. An ce Majo yana da doguwa, wato iskar bori, a cikin akwati. Ba ta neman a kwana ana mata goge, ba ta jan rai, da an juya mata hannu sai ta zo, ta shiga daidai inda ke ciwo, ta girgiza shi, ta fita. Wasu suka ce daga Dakar ya sayo ta. Wasu suka ce ta Nasara ce, sun manta da ita garin sauri.

Sai mutane suka yi ta zuwa, a kan jakuna da a ƙasa. Masu ciwon baya, masu sanyin ƙashi, masu hannun da ya mutu, da waɗanda lafiyarsu ƙalau amma suna so su gaisa. Musulmi suka zo suna cewa su ba su yarda da wannan ba, gwiwa ce kawai. 'Yan coci suka zo suna cewa su ma haka. Maikano yana juyawa, gaɓoɓi suna tsalle, kuma duk wanda aka gama da shi sai ya ɗan jira, ya yi atishawa, ya yi godiya. Ba wanda yake so a ce shi ne marar tarbiyyar da ya tafi gida da doguwar mutane.

Babban masani ba ya barin irin wannan ya wuce shi. Majo ya lura. An sa waya a gwiwa, atishawa. An sa a kafaɗa, atishawa. An sa a ɗan yatsan ƙafa, atishawa. Ya tsaya tsakiyar fili da hannu a haɓa har rana ta kusa ƙona masa ƙeya, sannan ya ɗaga yatsa sama.

"Wala!"

Ya gano wata jijiya wadda littattafan Turawa duka suka tsallake. Ta taso daga tafin ƙafa, ta bi ta kowace gaɓa kamar mai karɓar haraji, ta ƙare a hanci. Lantarki ne ke tura ciwo ta cikinta har ya fita waje. Ya ɗauki gawayi ya zana mutum a bangon gidan likita, tsayinsa ya kai rufi, ya ja jan layi da jar ƙasa daga dunduniya zuwa hanci. A ƙasa ya rubuta da manyan baƙaƙe: JIJIYAR DIEUDONNÉ. Marasa lafiya suka duba hoton suka ce ashe haka take, doguwa ce kuwa.

Kada a ce bai bi ƙa'idar bincike ba. Ya gwada a kan akuya. Akuyar ba ta yi atishawa ba, ta dai tunkuyi Maikano a ciki ta tsinke igiya. Majo ya fahimci abin da wannan ke nufi nan take: jijiyar ta ɗan Adam ce kaɗai, kuma ita ce abin da masana suka daɗe suna nema wanda ya bambanta mutum da dabba. A jikinsa kuwa bai gwada ba. Ya ce mai bincike ba ya shiga cikin bincikensa, kamar yadda alƙali ba ya shari'ar gidansu.

Henriette ta yi makaranta ita ma, amma ba ta toshe kunne tana yarinya ba. Wata rana da rana tsaka, tana zuba masa miya, ta ce, "Maigida, atishawar nan da mutane ke yi, ka san ko..."

"Madam, miya taki ce, jijiya tawa ce."

"Ai abin da nake so in ce..."

"Farfesa ma matarsa ba ta sa masa baki."

Ta ci gaba da zuba miya. Ta kuma sami dalilin barin maganar, domin a lokacin an fara ajiye abubuwa a gindin teburin akwatin: baƙar kaza, farar kaza, ɗan turare, ƙullin sukari. Majo ya ce wannan alama ce talakawa sun fara gane darajar kimiyya. Henriette ta duba kajin, ta duba tukunyarta, ta ga ba ta da hurumin yin gardama da mijinta a kan abin da ya fi ta sani. Gidan Majo bai taɓa cin nama kamar wannan kaka ba.

Mutum ɗaya ne bai ji daɗin ci gaban ba, wani mai gogen bori da kasuwarsa ta mutu. Kullum sai ya zo ya zauna bayan katangar gidan likita da gogensa a cinya, yana kallon abokan cinikinsa suna wucewa ba ko sallama.

Ranar da Babban Likita zai iso, Majo ya sa aka share fili, aka yi wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, aka sake bin jan layin bango don ya fito sosai. Jama'a suka cika wurin har kan katanga. Da hantsi sai ga mota ta tsaya cikin ƙura. Wani Bature ya fito, dogo, mai furfura, mai hular kwano, hancinsa ya yi ja saboda rana. Ya nemi ya ga ɗakin magani. Majo ya ce wannan ƙaramin abu ne, ya ja shi gaban bango.

Jawabin da ya yi cikin Faransanci ya ɗauki lokacin da mace za ta daka gero ta tankaɗe. Ya fara daga kwaɗo. Ya bi ta kan Farfesa, ya yaba masa daidai gwargwado, ya nuna inda ya gaza. Ya ce Turai ta ba Afirka lantarki, yau Afirka ta mayar da biki da jijiya. Ya ce shi ba ya neman komai don kansa, amma zai zama abin kunya ga ƙasa matashiya a ce wanda ya gano irin wannan abu majo ne.

Sannan aka fara gwaji. Inna Kubra ce a gaba, domin yanzu ita ce uwar layi, ita ke tsara wanda zai shiga bayan wane. Ƙafa ta yi shuri, atishawa. Wani mahauci, kafaɗa ta yi rawa, atishawa. Wani maɗinki, atishawa. Majo yana nuna kowace da sanda kamar shi ya haife ta.

Baturen ya cire hularsa ya sosa kai. Ya duba cikin hancin mahaucin. Ya duba akwatin. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya zauna a kan kujerar.

"A gwada ni," ya ce cikin Faransanci.

Majo ya ji kamar an riga an ɗora masa jaka a jirgi. Atishawar Babban Likita da kansa! Ya naɗa tsumma da hannunsa, ya ɗora waya.

"Maikano, juya. A hankali."

Maikano ya yi shekaru ƙarƙashin Turawa suna ba shi oda, kuma ya san babban mutum babban rabo ake ba shi. Ya tofa yawu a tafin hannu ya juya kamar yana tada motar soja da ta kwana cikin ruwa. Hannun Baturen ya tashi ya mari iska, hular kwano ta gangara ƙarƙashin mota, ya faɗi wata kalma da Maikano ya gane tun daga bariki, har ya ƙame ya sara.

Aka tsaya. Kowa ya zuba wa jan hancin nan ido.

Shiru.

Majo ya matso ya leƙa hancin ta ƙasa. Ya ce wani lokaci takan ɗan jinkirta. Aka sake juyawa. Hannu ya sake tashi. Hanci ko motsi. Baturen ya cire wayoyin, ya miƙe, ya ce abin sha'awa ne, zai yi tunani a kai, ya sunkuya neman hularsa.

Sai gunaguni ya tashi daga bayan taro, ya taho gaba. "Ba ta sauka ba." "Wallahi ba ta sauka ba." Kafin Baturen ya kai ga ƙofar mota, tsofaffin mata sun tare ta, Inna Kubra a tsakiya, hannu a ƙugu. A da can ba mai tare wa Bature hanya, amma ai an sami 'yanci.

"Majo," ta ce, "gaya ma baƙonka ba shi zuwa ko'ina. Doguwarka ta hau shi ba ta sauka ba."

"Wace doguwa?"

"Ta cikin akwati mana. Wadda muke kawo ma kaji."

"Inna, kajin nan godiya ce ga kimiyya."

"Sunanta ke nan? To, Kimiyya ta hau shi."

Majo ya ji wani abu mai sanyi ya bi ta bayansa, daidai inda ya ja jan layi a bango. Ya rage murya.

"Atishawar fa?"

"Yo da mi ake sallamar iska? Kai ba ɗan Arewa ba ne? Kowa nan ya yi ladabi ya sallame ta, sai wanga mai jan kunne. In ya shiga mota da ita ya kai ta Yamai, mu wa zai yi muna gwiwa? Komi mai kyau sai a kwashe a kai Yamai!"

"Gaskiya ne!" in ji jama'a.

Baturen ya dubi Majo ya tambaya me suke cewa. Da ƙaramin mutum ne, da ya rikice a nan. Majo ya gyara tabarau, ya ce jama'a suna cewa sun ga Babban Likita ya gaji da hanya, suna roƙonsa ya ɗan zauna su yi masa wasan gargajiya.

Ba a jira amsar Baturen ba. Aka zaunar da shi a kan turmi. Aka lulluɓa masa zane. Wata ta kawo kasko da garwashi ta zuba turare. Mai gogen nan ya tsallako katanga kamar saurayi, ya zauna, ya ja goge da duk haushin wata da watanni. Mata suka kama tafi. Aka lallashi Kimiyya, aka kira ta 'yar Dakar, aka yi mata alkawarin farar tunkiya. Ta ƙi. Majo yana zagaya taron yana ihu "Silans! Silans!", wai a yi shiru, masu tafi suka ɗauka amshi ne suka riƙa maimaitawa.

Da Inna Kubra ta ga abin ya ƙi ci, sai ta kwance bakin zanenta ta fito da battar garin taba. Ta ɗebo da yatsu biyu, ta ɗaga lulluɓin, ta ce, "Yi haƙuri, ɗan nan," ta cusa masa a hanci.

Atishawar da Babban Likita ya yi, an ce jakunan da ke ɗaure a bakin hanya sai da suka ɗaga kai. Ya yi ta farko, ta biyu ta biyo ta, sauran suka taho a jere. Mata suka rangaɗa guɗa. Mai goge ya ɗaga gogensa sama. Wani tsoho ya je ya shafa akwatin ya ce ta dawo, har ya ji nauyinta.

A wannan lokaci Majo yana iya yin shiru. Amma manyan mutane ba sa barin dama ta wuce. Ya yi tsalle gaban taro, ya nuna bango da sanda.

"Wala! Jijiyar ta amsa! A jikin Turawa takan ɗan makara ne saboda tsawon hanci!"

Baturen ya share hawaye. Ya fyace hanci a hankici, ya duba baƙin garin da ya fito. Sannan ya juya wurin Inna Kubra, ya yi magana da Hausa tsaf, irin ta mutanen Maraɗi.

"Inna, tabar nan taki da ƙarfi take."

"Ta Tibiri ce," in ji ta.

Ya juya wurin Majo. "Ba sai ka wahala da fassara ba, na daɗe a ƙasar nan. Tambaya ɗaya gare ni. Kai ka taɓa gwadawa a jikinka?"

Majo ya fara bayanin alƙali da shari'ar gidansu. Jama'a kuwa suka ga tambayar ta yi ma'ana. Mai doguwa bai taɓa gaisawa da doguwarsa ba? Kafin ya kai ƙarshen jimlarsa an zaunar da shi, an ɗage farar riga, an naɗa tsumma. Bai ce a juya ba. Maikano bai jira a ce ba.

"Wayyo Inna! Wayyo ni, na mutu!" in ji abokin aikin Farfesa, da Hausar Arewa zalla, babu ɗigon Faransanci a ciki. Ƙafafunsa biyu suka yi sama, har wadda ba a sa wa waya ba.

Aka tsaya. Yanzu hancinsa aka zuba wa ido. Ya saurari jijiyarsa da dukan zuciyarsa, tun daga dunduniya har sama. Babu komai. Hanci a bushe kamar rijiyar bazara. Sai ya ga Inna Kubra tana sake buɗe batta, tana ɗebowa da yatsu uku wannan karon.

Majo Jodane ya runtse ido ya yi atishawa. Ƙarama ce, ta ƙarya, amma an karɓa.

"Madalla," in ji Babban Likita, yana karkaɗe hularsa. "Yanzu ka gama bincikenka."

Ya duba ɗakin magani a gurguje, ya ce a bar akwatin tunda tsofaffi suna jin daɗinsa, amma a samo wa hannun wani mai juyawa da bai yi soja ba. Ya shiga mota ya tafi, yana atishawa har ya ɓace. Gurbin karatun kuwa, wani majo ne daga can wajen kogi ya samu.

Sai dai Arewa ba ta barin mai baiwa ya tafi hannu wofi. Da rani ya yi, a wani wasan bori a ƙauyen Inna Kubra, wata sabuwar iska ta bayyana wadda ba a taɓa gani ba. Idan ta hau mutum ba ta rawa, ba ta faɗuwa. Takan sa a kawo mata kujera, ta tara jama'a ta yi musu jawabi mai tsawo, ta gaya musu cewa iskoki ƙarya ne. Mutane suka so ta ƙwarai. Aka ce tana da kyau ga ciwon gwiwa.

Labari ya iso Dogon Dutsi. Jodane ya yi fushi na kwana da kwanaki. Daga baya ya huce, ya yi tunani irin na manya, ya aiki Henriette a asirce wurin dattawan bori. Saƙon shi ne, shi bai yarda da wannan shirme ba ko kaɗan, amma in dai ya zama dole a yi, to a kira iskar Lokotoro.

Dattawa suka karɓi saƙo da girmamawa. Suka ce abin ba a hannunsu yake ba, sai an tambayi mai sunan. A wasa na gaba da ta hau, suka durƙusa suka tambaye ta ko ta yi karatun likita. Ta yi musu jawabi har rana ta karkata. Da ta gama suka dubi juna, suka ga ba ta amsa ba.

Majo ake ce mata.